HUKUNCIN DASHEN GASHI GA MAI SANƘO

Ya kai matashi, ko kana Tambuwal ko kana Kebbe, tallar dashen gashi a Turkiyya ta iso wayarka. To, saurara.

Cire gashin ƙeyarka a dasa inda ya zube halal ne, domin gusar da aibi ne, ba canja halitta ba. Dalili shi ne hadisin Buhari da Muslim na mai sanƙon Banu Isra'ila, wanda mala'ika ya shafi kansa, Allah Ya ba shi gashi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta halatta shi a 2007, bisa sharaɗin likita ya kasance ƙwararre.

Riƙe sharaɗin nan! Gashin ƙeya ƙidayayye ne, wanda aka tumɓuke ba ya sake tsirowa. In ɗan koyo ya ɓarnatar da shi, da me za a gyara? Tambayi wanda zai yi aikin da hannunsa, ka ga takardar shaidarsa. Annabi (SAW) ya ɗora alhakin ɓarna a kan mai yin magani ba ilimi.

In an riga an ɓata maka kai, kada ka yi gaggawar sakewa. Jira kamar shekara guda, ka ga likitan fata a Asibitin Koyarwa na Sakkwato. Kuma kada ka ci bashin ruwa saboda gashi.

Allah Ya sa mu dace.