Aikin Sa Kai Da Fatan Samun Aiki: Akwai Lada?

'Yan uwa, ana yawan tambayata: matashin da ba shi da aikin yi, ya shiga aikin sa kai a ƙungiyar tallafa wa marayu yana fatan a ɗauke shi aiki, shin yana da lada?

A fahimtata, fatan ba ya ɓata niyya. Annabi Musa (AS) ya isa Madyana ba gida ba sana'a, ya shayar da dabbobin mata biyu kyauta, daga baya mahaifinsu ya ɗauke shi aiki. Amma ka tambayi zuciyarka: in aikin bai samu ba, za ka watsar da marayun?

Ku kuma shugabannin ƙungiyoyi, ku ji tsoron Allah. Morar gumin matashi da alƙawarin da ba za ku cika ba zalunci ne.

Allah Ya sa mu dace.