Ko Wajibi Ne Kowa Ya Yi Rubutu Iri Ɗaya?

Tun da aka fara rubuta Hausa da boko ake wannan gardama. Waɗansu sun ce a bar kowa ya rubuta yadda bakinsa ya saba. Waɗansu kuwa sun ce ai rubutu don mai karantawa ake yinsa, saboda haka a bi hanya guda.

In an duba, na biyun sun fi hujja. A ce mutumin Gafasa ya aika da takarda Gaya a kan iyakar gona, ya ga dama ya bar lanƙwasar ƙ, sai ƙasa ta koma kasa. Shi dai ya san nufinsa, amma ba ya nan sa'ad da za a buɗe takardar. Watakila ma sai bayan ransa jikoki za su ɗauko ta gaban alƙali, sa'an nan wa za a tambaya?

Domin irin wannan ne Ɗan Hausa, watau Hans Vischer, ya tsara ƙa'idodin rubutu a 1912. Zamanin da Dr. East ke Zariya aka ɗauki ɓ da ɗ da ƙ, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 ta baza su ko'ina. A 1955 kuma aka kafa Hukumar Harshen Hausa.

Amma fa wannan gyara ya zo da hasara, gama Hausar Kano aka ɗauka ma'auni. Yaro Basakkwace ya rubuta biyat, malami ya soke ya sa biyar, yaron ya tashi yana tsammani maganar uwarsa kuskure ce. Nan ƙa'ida ta wuce gona da iri. Siffar harafi aka ba ta tsaro, ba wanda ya ba ta ikon korar kalmomin mutane.

Masu rubuta umarnin kwamfuta ma sun gamu da wannan matsala, don sukan taru da yawa kan aiki ɗaya ba su taɓa ganin juna ba. Masu aiki da Python sun rubuta tasu ƙa'ida a 2001, har ta ƙayyade filin da za a bari a farkon layi, gurbi huɗu. Duk da haka takardar nan ta yarda a saɓa mata, muddin bin ta zai sa mai karatu ya sha wuya.