Allon Zamani a Ajin Lissafi: Ina Adalci Yake?

Gabatarwa

Tambayar da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin amsawa tsohuwa ce, sai dai ta zo cikin sabuwar riga: shin adalci ga ɗalibai shi ne a ba kowa abu iri ɗaya, ko kuwa a ba kowa gwargwadon buƙatarsa? Abin da ya taso da ita shi ne 'yar kwamfutar nan mai siffar allo da ake sarrafawa da yatsa, wadda za mu kira allon zamani. Masu yabonta suna cewa tana iya ba kowane ɗalibi darasin lissafi daidai da matsayinsa. Za mu auna wannan da'awa da ajin babbar sakandare a Kafanchan da kewayenta.

Aji Ɗaya, Matakai Barkatai

Kafanchan gari ne da mahaɗar jirgin ƙasa ta raya tun shekarun 1920, don haka ba abin mamaki ba ne a tarar da 'ya'yan Fantswam da Bajju da Atyap da Hausawa da Fulani da Ibo a kan benci ɗaya. Wani ya fito daga firamare mai zaman kanta a cikin gari, wani kuwa daga makarantar ƙauye inda aikin gonar citta kan cinye masa makonni. A shekarar 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta bayyana cewa malaman firamare 21,780 daga cikin 33,000 ba su kai makin da ta gindaya ba a jarrabawar gwaji. Ƙungiyar malamai ta yi jayayya da wannan gwaji, amma ko ma wa ke da gaskiya, da yawa daga cikin yaran da ke firamare a lokacin su ne ke babbar sakandare a yau, kuma tubalinsu ba ɗaya ba ne.

Alal misali, a tambayi ɗalibi jimlar rabi da sulusi. Idan ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, zai ce biyu bisa biyar, alhali amsar ita ce biyar bisa shida. Wanda ke wannan kuskure ba zai fahimci aljebra ba, komai ƙwarewar malaminsa. Malamin da ke gaban baƙin allo kuwa dole ya bi manhaja: mai hazaƙa ya gaji da jira, mai rauni ya yi shiru don kunya. An ba kowa abu ɗaya, amma ba za mu ce an yi adalci ba.

Abin da Allon ke Iyawa

Rarrabe darasi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo kowane yaro da nasa allo da inda ya tsaya, kuma ba a ƙara masa sai ya iya na baya. Allon zamani yana kwaikwayon wannan: idan ya ga ɗalibi yana maimaita kuskuren biyu bisa biyar, sai ya mai da shi baya ya gyara tushe, ba tare da 'yan aji sun yi masa dariya ba.

To amma mallakar na'ura kaɗai ba ta koyar da lissafi. Jihar Osun ta fara raba wa ɗaliban babbar sakandare irin wannan allo a 2013 da sunan Opon Imo, cike da littattafai da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, wato darasi ɗaya ga kowa cikin sabon mazubi. A ƙasar Peru, binciken da aka fitar a 2012 kan shirin ba kowane yaro kwamfuta bai ga ƙaruwa a lissafi ba. A birnin Delhi na Indiya kuwa, tsarin Mindspark, wanda kan fara auna matsayin yaro kafin ya ba shi aiki, ya kawo ci gaba a fili, kamar yadda binciken da aka buga a 2019 ya nuna. Sai dai a lura: rabin lokacin yaran ne a gaban na'ura, sauran rabin tare da malami.

Inda Gizo ke Saƙar

Haɗari na farko shi ne tausayi ya rikiɗe ya zama yanke ƙauna. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. To, jarrabawar WAEC da NECO ba sa jiran mai sannu. Takarda ɗaya ake ba kowa, kuma galibin fannonin jami'a ba sa karɓar wanda bai ci lissafi ba. Idan allo ya riƙe yarinya a kan sulusi da rubu'i shekara uku saboda nan ne take jin daɗi, an yi mata sauƙi yau, an rufe mata ƙofa gobe.

Na biyu, aji wuri ne na zama tare. Garin da ya ɗanɗana ɗacin rarrabuwa tun rikicin 1987 ya san darajar benci ɗaya. Idan rukunin masu rauni ya zama na 'ya'yan ƙauye da marasa hali, rukunin gaba kuma na waɗanda gidajensu ke da wuta da intanet, to na'ura ta sake zana iyakokin da makaranta ta zo sharewa.

Na uku, na'ura tana ganin kuskure, amma ba ta ganin dalilinsa. Ba ta san ko yunwa ce, ko Turancin tambayar ne ya shige wa yaro duhu, wanda kalma biyu cikin Hausa ko Tyap za su warware. Haka kuma ba a tuhumarta idan ɗalibi ya faɗi. Amana a wuyan mutum take.

Kammalawa

Matsayinmu shi ne, bambanta darasi adalci ne muddin hanyoyin ne suka bambanta, maƙasudin kuwa ɗaya ne. Wannan yana buƙatar sharuɗɗa uku: a sa wa komawa baya wa'adi, kada ya zama mazauni, a riƙa haɗa aji duka a kan matsala guda domin mai ƙarfi ya ja mai rauni, sannan malami ya karanta abin da allon ya tattara, ya yanke hukunci da kansa. Saboda haka aikin ya fi rataya a kan wuraren horar da malamai, irin Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, fiye da kan masu sayar da na'ura. Ranar da za a kawo allunan nan makarantunmu, kada mu tsaya ga tambayar guda nawa aka raba. Mu tambayi inda ɗalibin da ya ce biyu bisa biyar ya kai a ƙarshen zango, da kuma wanda zai amsa idan bai kai ko'ina ba.