Minti Goma Sha Tara: Wa'azi Kan Amanar Rai

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa. 

A daren 7 ga Janairu, 2023, a birnin Memfis na jihar Tenesi a Amurka, 'yan sanda suka tare wani matashi mai suna Tyre Nichols, ɗan shekara 29, suka yi masa dukan kawo wuƙa kusa da gidan mahaifiyarsa, yana ta kiran sunanta. Ma'aikatan agajin gaggawa biyu suka iso, suka same shi a yashe jikin mota. Aikinsu shi ne ceton rai, don shi aka horar da su, don shi ake biyansu. Amma binciken hukumar lafiyar gaggawa ta jihar ya nuna sun shafe minti 19 ba su ba shi kulawar da ta kamata ba. Bayan kwana uku ya rasu a asibiti. Ranar 30 ga watan aka kore su daga aiki tare da shugabarsu da ta yi zamanta cikin mota, a watan Fabrairu kuma aka dakatar da lasisin su biyun.

'Yar'uwa, ki lura: ba su ɗaga hannu sun doke shi ba. Tsayawa kawai suka yi. To ashe tsayawar ma laifi ce! Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwa da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba, har ta mutu. In wannan kyanwa ce, ina ga ɗan Adam? A Suratul Ma'ida, aya ta 32, Allah Ya daidaita ceton rai guda da ceton mutane baki ɗaya.

Me ya tona asirinsu? Kyamara. In hoton duniya ya raba mutum da aikinsa, yaya ranar da za a buɗe littafin da mala'iku suka rubuta, wanda bai bar ƙarami ko babba ba?

Kada ki ce ai ni ba ma'aikaciyar asibiti ba ce. Kowaccenmu tana da nata minti goma sha taran. Yaro na zazzaɓi kin ce a bari sai gari ya waye. Maƙwabciya na naƙuda ba mijinta a gida, kin ji kin yi shiru. Abokiyar zamanki na kwance, kin ce can ta matse mata. An yi hatsari a hanya, 'ya'yanmu sun zaro waya suna ɗaukar hoto. Haba jama'a!

Mu tuna Rufaida Al-Aslamiyya (RA), wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, har aka kai mata Sa'adu bin Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Ke da ke aikin jinya, ki ɗauki kowane majinyaci tamkar ɗanki. Ke uwa, ki koya wa 'ya'yanki gaggawar taimako, ke ma ki nemi ilimin agajin farko.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya yafe mana sakacinmu. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.