Ranar da ta ƙi wucewa

A watan Fabrairun 1984 aka fara nuna wani fim ɗin zane mai motsi a gidajen silima na Japan, mai suna Urusei Yatsura 2: Beautiful Dreamer. Fim ne na barkwanci da aka ciro daga wani shirin talabijin da ya fara fita a 1981, shi kuma shirin ya samo asali daga labarin zane na Rumiko Takahashi, wanda ta fara bugawa a 1978. Masu kallo sun je ne don ganin abin da suka saba: Ataru, ɗan sakandaren da ba ya ganin mace ya ƙyale, da Lum, ƴar wata duniya mai ƙahoni biyu, wadda ta ɗauka shi mijinta ne, kuma duk sanda ya kalli wata sai ta jona masa lantarki. Sun sha dariya. Sai dai daraktan, Mamoru Oshii, wanda daga baya ya yi Ghost in the Shell a 1995, ya cusa musu wata tambaya a tsakiyar dariyar. In aka ba ka ranar da ka fi so, aka ce ba za ta ƙare ba, za ka karɓa?

Ga yadda labarin yake. Ɗaliban makarantar Tomobiki suna shirin bikin makaranta, suna kwana a ajinsu, ana fenti ana buga ƙusa, kowa na cewa gobe ne biki. Gari ya waye, aka ci gaba da shiri, kuma har yanzu gobe ne biki. Malaminsu Onsen-Mark ne ya fara tsarguwa, da ya koma ɗakinsa ya tarar ƙura ta rufe komai kamar ya yi watanni bai shiga ba. Bai jima da faɗin abin da ya gani ba sai ya ɓace. Da ɗaliban suka tashi sama a jirgi, sai suka ga garin nasu kacokan a bayan wani ƙaton kunkuru yana yawo a sararin samaniya, abin da ke tuna wa Japanawa tatsuniyar Urashima Taro, masuncin da kunkuru ya kai shi fadar ƙarƙashin teku, ya dawo ya tarar shekaru masu yawa sun shuɗe.

Bayan haka sai suka saki jiki. Babu aji, babu jarrabawa. Kantin unguwa ba ya rasa abinci, ruwa da wuta ba sa yankewa a gidan su Ataru, wasa kawai ake yi. Daga baya gaskiya ta fito: wani aljanin mafarki, Mujaki, shi ya gina wannan duniya don cika burin Lum, wadda ba ta roƙi komai ba illa ta zauna har abada tare da Ataru da iyayensa da abokansu cikin jin daɗi.

Mai karatu, ni ban ga laifin wannan buri ba da farko. A shirin gaishe-gaishen da nake gabatarwa a rediyo, ba a mako guda ba tare da wani ya gai da abokan makarantarsa yana cewa ina ma a koma waccan rana ba. Lum ba ta nemi dukiya ko mulki ba, kuma ta sa kowa a cikin burinta. To ina matsalar?

Matsalar tana ƙarƙashin garin. Waɗanda suka ɓace sun zama gumakan dutse, su ne ginshiƙan da ke ɗauke da garin a bayan kunkurun. Malamin da ya yi tambaya yana cikinsu, daga baya Shinobu, tsohuwar budurwar Ataru, ita ma ta bi sahu. Duk wanda zamansa zai iya tayar da mai mafarkin, an kawar da shi, kuma a kansa aka ɗora jin daɗin sauran. Waɗanda aka bari ma ba wanda ya nemi yardarsu. An shigar da su ne kamar kayan ɗaki.

Wannan ba sai da aljani ake yin sa ba. Uban da ya fi son ɗansa ya dawwama yaro mai jiran umarni, da mijin da ke jin haushi don matarsa ba ta nan yadda take ranar da aka kawo ta, duk so ne ya kai su. Amma son da ya hana mutum canzawa, hoton mutumin yake so, shi kuwa mai hoton an bar shi yana ɗauke da nauyi.

Mujaki yana da hujjarsa, kuma ba ta banza ba ce. Fim ɗin ya taɓo labarin masanin China Zhuangzi, wanda ya yi mafarkin ya zama malam-buɗe-littafi, ya farka bai san ko shi ne ya yi mafarkin ba, ko kuwa ƙwaron ne ke mafarkin ya zama shi. In ba ka iya bambance mafarki da farke, me ka rasa in ka zauna a mai daɗin? Amsata ita ce ka rasa bikin. Daɗin jajibere daga goben da ake jira yake fitowa. Ɗaliban nan sun yi ta fenti don ranar da aka riga aka hana ta zuwa, wato wahalarsu da murnarsu duk ba su da inda suka nufa.

Abin ban dariya, Ataru marar kamun kai ne ya rushe duniyar. Mujaki ya ba shi nasa mafarkin cike da mata, ya duba bai ga Lum ba, sai ya tayar da ƙayar baya. Shi ya busa ƙahon da ya kira Baku, dabbar da ke cinye mafarki. Da ya farka a makaranta, ba a jima ba ya sake ɓata wa Lum rai, ta sake jona masa lantarki.

Da aka ba ni zaɓi, wannan safiyar mai faɗa da gajiya zan ɗauka, domin a cikinta Shinobu tana tafiya da ƙafafunta, malam ya dawo ajinsa, kuma Ataru yana iya tafiya in ya ga dama, don haka zamansa yake da daraja.