Tauraro a Hannu, Tsaga a Kunci

Ina da wani abokin aiki Bature wanda muke rubuta manhaja tare, shekara biyu ke nan ba mu taɓa haɗuwa ba sai ta allon kwamfuta. Wata rana ya ɗaga hannu zai gyara tabarau, sai na ga tauraro a wuyan hannunsa, mai tsini biyar, kowane tsini an raba shi biyu, gefe baƙi gefe fari. Na san irinsa, jarfar ma'aikatan jirgin ruwa ce. Na tambaye shi ko ya taɓa aikin teku. Ya yi dariya, ya ce ko kwale-kwale ya hau amai yake yi. Sannan ya rama tambaya: "Kai fa, na fuskarka?" Na ce ni ba a yi shawara da ni ba, ina jinjiri wanzami ya yi aikinsa.

Jarfa ta ƙara yaɗuwa tsakanin Turawan jirgin ruwa bayan Kyaftin Cook ya sauka tsibirin Tahiti a 1769, kuma daga harsunan wannan yankin Turanci ya aro sunanta. Kowane zane da abin da yake faɗa. Tsattsewa na nufin mutum ya yi tafiyar mil dubu biyar a teku, anga kuma ya ƙetare Atlantika. Tauraron an ɗauko shi ne daga zanen da ke fuskar kamfas, da kuma tauraron arewa, wanda kusan ba ya gusawa duk dare alhali sauran na kewaya shi. Tsayinsa daga doron ƙasa yana gaya maka nisanka daga tsakiyar duniya. A Shinaka bai wuce digiri 13 da 'yan kai ba. In ka miƙa hannu ka dunƙule, kaɗan ya ɗara dunƙulen. Jirgi na gangarawa kudu yana ƙara sauka, har ya nutse. Wanda ya zana shi a jiki, fata ne ya rubuta a kan fata: Allah Ya mai da ni gida.

Akwai kuma amfanin da ba na camfi ba. Daga 1796 Amurka ta fara ba ma'aikatan jiragenta takardar shaida, don kada sojan ruwan Ingila su kama su su tilasta musu aiki. Babu hoto a lokacin, sai a rubuta tsayin mutum da tabonsa da jarfarsa. In kuma ruwa ya ci mutum ya amayo gawarsa, zanen ne ke faɗin ko wane ne.

Da na karanta wannan sai na tuna gwaggona, don hujjarta ke nan ba ragi. Bara muka kai ɗana Shinaka suna. Bayan an yi aski ta ce wanzami ya tsaya, saura tsaga. Na ce a'a. Ta dube ni, ta ce: "In yaron ga ya ɓace, wa ka maido shi gida?"

Ba tambayar wauta ba ce. A zamanin yaƙe-yaƙe da harin bayi, tsagar Gobirawa, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, wasiƙa ce zuwa ga baƙon da zai tsince ka ranar da ba ka iya magana. Na iya kafa mata hujja da dokar kare haƙƙin yara ta 2003 wadda ta hana yi wa yaro zane a jiki, ko da hadisin da ya hana jarfa, wanda malamai da yawa ke faɗaɗa shi zuwa tsagar gado. Ban yi ba, domin ba su ne ainihin dalilina ba.

Dalilina daga sana'ata ya fito. Mukan guji ba mutum mabuɗin da ba a iya canzawa. In kalmar sirri ta faɗa hannun ɓarawo, sai a soke ta a yi wata. Fuska ba ta sokuwa. Alamar da ɗan'uwa ke karantawa, maƙiyi ma ya iya karatunta, kuma a gabashin Sakkwato na yau, inda 'yan bindiga suka raba mutane da ƙauyukansu, sau da yawa ana yi wa mutum hukunci da kamanninsa tun bai buɗe baki ba. Ban ga inda na sami ikon rubuta wa jinjiri amsar da zai bayar shekara sittin ba, ga tambayar da ban san wa zai yi masa ba.

Sai dai abokin nawa ya hana ni sakewa da wannan hujja. Shi ya zaɓi tauraronsa da kansa, da kuɗinsa, abin da nake cewa shi ne daidai. Amma tauraron nasa bai faɗi komai a kansa ba, illa cewa zanen ya ba shi sha'awa. Ni ban zaɓi tawa ba, an yi mini dariya saboda ita a jami'a, amma ba ta taɓa yin ƙarya ba. Shekarar da na fara aiki a Legas, na shiga kasuwar Mile 12, wani tsoho mai albasa ya kalli kuncina ya kira ni da Sakkwatanci. Bai tambayi sunana ba sai da na ci tuwo a rumfarsa.

Abin da zan ba ɗana a madadin wannan shi ne lambar ɗan ƙasa, lamba goma sha ɗaya a cikin wata na'ura da ba zai taɓa gani ba. Na san yadda irin waɗannan na'urori ke aiki, shi ya sa na san sai da wuta da sabis suke gane mutum. Tsarin gwaggo ba ya jiran ko ɗaya. Na zaɓa wa yaron 'yancin fuskarsa, na kuma zaɓa masa ya wuce rumfar tsohon nan ba a kira shi ba, kuma wannan ma ban yi shawara da shi ba.

Wanzami ya naɗe zabirarsa ya tafi. Gwaggo ba ta sake ta da maganar ba. Da dare na fito tsakar gida na same ta a tabarma riƙe da yaron, tana bin kuncinsa da babban yatsa, layi bayan layi. Na tsaya ina ƙirgawa. Ta yi shida, ta juya shi.