Haƙƙin Tsohon Soja: Sadaka Ce Ko Bashi?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, duk ranar 15 ga Janairu Najeriya tana bikin tunawa da 'yan mazan jiya. A da ranar 11 ga Nuwamba ake yi, kamar yadda Ingila take yi, don tunawa da ranar da aka tsagaita wuta a yaƙin duniya na farko a 1918. Daga baya aka mayar da bikin ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Kafin ranar a ƙaddamar da ɗan bajon nan da manya suke maƙalawa a ƙirji, a yi addu'a a masallacin Juma'a da coci. Ranar kuma a yi fareti a Abuja da jihohi, a ajiye furanni, a saki fararen tantabaru, kowa ya koma gida.

To, tambayar da nake so mu tattauna ita ce: abin da ake bai wa tsohon soja, ko matar wanda ya rasu a bakin daga, ko marayunsa, taimako ne ake yi musu ko bashi ake biya? Kada ka ce duk ɗaya ne tunda kuɗi ne zai shiga hannunsu. Wallahi ba ɗaya ba ne. Mai sadaka yana da zaɓi: ya bayar yau, ya bari sai baɗi, ya rage, ya jira a yi masa godiya. Wanda ake bi bashi kuwa ba shi da wannan zaɓin. Idan yana da halin biya ya ja ƙafa, Manzon Allah (SAW) ya kira wannan jinkirin zalunci.

Ni a fahimtata bashi ne, kuma ga dalilina. Yaro ɗan shekara ashirin ya shiga soja bisa yarjejeniya. Shi zai ba da ƙuruciyarsa da lafiyarsa, wataƙila har da ransa. Hukuma kuma ta ɗauki alkawarin albashi, da giratuti, da fansho, da kula da iyalinsa idan ya faɗi. Shi ya riga ya cika nasa ɓangaren, kuma abin da ya bayar ba ya dawowa. Ƙafar da nakiya ta cire ba ta sake tsirowa. Bukhari ya ruwaito hadisi ƙudusi inda Allah Ya ambaci mutum uku da Shi da kanSa zai yi husuma da su ranar alƙiyama, ɗaya daga ciki shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikin cikakke, sannan ya hana shi ladansa. Duk wanda fayil ɗin tsohon soja yake kwance a teburinsa wata da watanni, ya tsaya ya yi tunani da wa yake shirin yin shari'a.

Kuma wannan bashin ya daɗe ana tara shi. A yaƙin duniya na biyu an kwashi kakanninmu, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kai su ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar, suka yi yaƙi da Japan a cikin dazuzzukan da ba su taɓa jin sunansu ba. Sai yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Sai Laberiya daga 1990, da Saliyo bayanta, ƙarƙashin ECOMOG. Sai Arewa maso Gabas tun 2009, ga kuma dazuzzukan Zamfara da Katsina. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar guragu, da zawarawa, da marayu. Amma a 'yan shekarun nan mun gani da idonmu, tsofaffin sojoji da furfura sun shimfiɗa tabarma a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja suna neman a biya su haƙƙinsu. Mutumin da ya tsare maka iyaka, yau shi ne yake tsare ƙofar ofis yana roƙo. Subhanallah.

Mu duba yadda magabata suka ɗauki lamarin. Sayyidina Umar (RA) shi ne ya kafa diwani, wato rajistar da aka rubuta sunayen mutane da abin da kowa zai riƙa karɓa daga baitulmali. Ya yanka wa waɗanda suka halarci Badar dubu 5 kowannensu, ya kuma fifita su a kan waɗanda suka zo daga baya. Ka lura, rubutawa ya yi. Bai bar abin a hannun tausayin gwamna ba, bai bar shi sai ranar biki ba.

Akwai kuma ƙissar wata matashiyar mace da ta tare shi a kasuwa, ta ce mijinta ya rasu ya bar mata ƙananan yara, ba gona ba dabba, ta kuma gaya masa ita 'yar Khufaf ɗan Ima'u Bagifare ce, wanda ya halarci Hudaibiyya. Umar bai ce ta je ta dawo ba. Nan take ya kamo raƙumi ƙaƙƙarfa, ya ɗora masa buhu biyu na abinci, ya sa kuɗi da tufafi a tsakani, ya miƙa mata akala. Wani ya ce ya yi mata yawa. Umar ya tsawata masa, ya tuna masa cewa ya ga mahaifinta da ɗan uwanta sun yi wa wata ganuwa ƙawanya har aka buɗe ta, ga shi su yanzu suna cin rabonsu daga abin da aka samu. Ma'ana, mu ne muke ci daga guminsu, ba su ne suke ci daga namu ba.

Game da tunawa da mamata kuwa, Annabi (SAW) bai manta da shahidan Uhudu ba. Bayan shekara 8 da yaƙin ya je ya yi musu addu'a kamar mai bankwana. Amma dubi abin da ya haɗa da addu'ar. Jabir ɗan Abdullahi, mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu ya bar masa bashi da ƙanne mata. Annabi da kansa ya shiga maganar masu bin bashin, ya tako har garkar dabinon, bai bar lamarin ba sai da aka biya kowa. Da labarin shahadar Ja'afar ya zo daga Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, umarnin da ya bayar shi ne a dafa wa iyalan Ja'afar abinci. Ya kuma sanar da mu cewa wanda ya kula da iyalin mayaƙi da alheri a bayansa, shi ma ya yi yaƙin. Furen da aka ajiye ba ya isa kabari da komai. Abin da yake amfanar mamaci shi ne addu'a, da sauke masa bashi, da riƙe masa abin da ya bari.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: “Malam, sojojin da suka yi kaza a gari kaza?” Ban raina wannan maganar ba. Akwai gidajen da kaki ya shiga ya bar musu kuka, kuma jinin da aka zubar ba bisa haƙƙi ba Allah ba zai bar shi ba, ko wane ne ya zubar. Wanda ya yi laifi a gurfanar da shi, a bi wa wanda aka zalunta haƙƙinsa. Amma ƙa'idar Alƙur'ani ita ce wani ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani. Marainiyar da take aji uku a firamare, me ta yi? Kofur ɗin da ya rasa idonsa yana tsaron wani ƙauye a Borno, don me za a hukunta shi da laifin wanda bai ma taɓa gani ba? Hana wannan haƙƙinsa ba zai mayar wa wancan nasa ba, zalunci ne ya zama biyu. Kuma wannan bai tsaya kan Musulmi kaɗai ba. Sojan da ya mutu yana tsaron garinka, ko sunansa Musa ko Moses, iyalinsa suna bin ka.

Kada kuma mu jibga komai a kan gwamnati mu wanke hannu. Wani zaluncin a cikin gida ake yin sa. Soja ya rubuta sunan wansa ko ƙaninsa a matsayin wanda zai karɓi haƙƙinsa, tun kafin ya yi aure. Ya rasu, kuɗi suka fito, sai ɗan uwan ya ce ai sunana ne a takarda. Ya sayi mota, ya ƙara aure, matar mamacin kuma an ce ta tashi daga gidan bariki, ba ta san inda za ta nufa da yara ba. Ɗan uwa, ka ji tsoron Allah. Sunanka a takarda amana ce aka ɗora maka. Ka je wurin malamai ko alƙali a fayyace wa kowa rabonsa. Mai cin dukiyar maraya da zalunci, wuta yake cusa wa cikinsa.

Sojojin da suke bakin aiki, don Allah ku gyara takardunku tun kuna raye, ku rubuta wasiyya, ku sanar da matanku inda komai yake. Mu kuma sauran jama'a, kowace unguwa tana da tsohon soja. Wani yana gadi a ƙofar wani Alhaji, wani yana kwance ba ya iya zuwa tantancewar 'yan fansho. Mai mota ya kai shi. Wanda ya iya boko ya cike masa fom, ya rubuta masa takardar koke. Lauya ya karɓi shari'ar bazawara ɗaya fisabilillahi. Kwamitin masallaci ya san gidajen marayun nan da sunansu, ya sa su a lissafin zakka da kuɗin makaranta. Wanda ya dawo daga daji ba ya barci, yana firgita da ƙarar ƙofa, kada a ce masa mahaukaci, a raka shi asibiti. In kuma za ka ba shi wani abu, ka ba shi da ladabin wanda ya zo biyan bashi a makare.

Matashin da yake tunanin shiga soja yau yana kallon yadda aka yi da na jiya. Abin da ya gani shi zai gaya masa ko ƙasar nan tana cika alkawari.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya shirya shugabanninmu su sauke nauyin da ke kansu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wallahu a'alam.